Zuwa Ga Taubashina Mai Taƙama Da Kufena

Gaisuwa mai yawa daga Denba, jihar Kolorado. Ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo da uwargida da yara. Na ji damina ta kankama, na san kana can kana fama da gonar nan taka da ba ta fi tabarmar liman faɗi ba.

Kufena ya sa na ɗauki alƙalami. Tun muna yara ka ishe ni da cewa ku Zage-zagi kuna da dutsen da ya fi Dala. To, Asabar ɗin nan na je inda Kufenanka ko dutsen murhu ba zai yi ba.

Gandun daji ne da ake kira Rocky Mountain, gwamnatin Amurka ta keɓe shi tun 1915. Sai da muka kama lokacin shiga ta intanet, sannan muka bar gida bayan asuba. Awa ɗaya da rabi muna garin Estes Park. Daga nan muka hau titin Trail Ridge, mil 48 zuwa Grand Lake, kuma tsakiyarsa ta kai tsayin mita 3,713. Chappal Waddi na Taraba, wanda babu dutsen da ya fi shi a Najeriya, mita 2,419 ne. A mota fa muka wuce shi, muna cin gyaɗa!

Muna hawa bishiyoyi na gajarta, suka koma kamar sabara, can sai babu ko ɗaya. Gajeriyar ciyawa kawai, da iska mai yanka kunne, da ƙanƙara jibge a gefen titi cikin watan Yuli. Ledar soyayyen dankali da muka saya a ƙasa ta kumbura tim, kamar cikinka ranar Babbar Salla. Taku ashirin za ka yi ka tsaya haki, don iskar ba ta ƙosar da huhu. Wasu kwanonin babu ko shinge, rami ne kawai har iya ganinka. Na tuna yadda kake runtse ido kana salati in tirela ta nufo mu a Kwanar Dangora.

Mun ga garken wata irin barewa da suke ce wa elk, girmanta ya kai na ɗan maraƙi mai ƙwari, ƙahon namijin reshe-reshe. Doka ta hana ko ba su abinci. Da kai ne, tuni ka fara lissafin kilishi.

Inda ya fi taɓa zuciyata shi ne Milner Pass. A nan ƙasa ta raba ruwa biyu: wanda ya gangara yamma ya bi kogin Kolorado ya nufi tekun Fasifik, wanda ya gangara gabas ya ƙare a Atlantika, tekun da ke wanke Legas. Nan azahar ta same mu. Na yi alwala hannuna na karkarwa don sanyi, na yi salla, na daɗe ina tasbihi. Wallahi kewarku ta kama ni sosai. Sauran ruwan butar na juye shi gabas. In ka je Legas sarin kaya, ka karɓi saƙonka.

Ƙanƙara kan rufe titin daga wajen tsakiyar Oktoba har ƙarshen Mayu, don haka in Allah ya nufe ka da biza, ka zo da damina, ka taho da rigar sanyi biyu. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata kukar da ta ba ni ta kusa ƙarewa.

Naka, taubashinka Bakano.