Mutanen Tanti a Daren Kilimanjaro

Da rana kowa jarumi ne a kan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya. Sai dare ya tsala a sansanin Barranco, wajen mita 3,900 sama da teku, raɓa ta daskare a jikin tanti, sannan halin kowa yake fitowa fili. Abin da ke tona asirin ma bai taka kara ya karya ba: shafin jakar barci, wani buhun yadi marar nauyi da mutum kan shiga kafin ya zura jiki cikin jakar, don ƙarin ɗumi da kare ta daga dauɗa.

Ga Sarkin Musu. Tun a garin Moshi aka miƙa masa shafi ya ture. "Haba, ni da na girma a Jos?" Ba a samu wanda ya tuna masa cewa Jos wajen mita 1,200 take ba, kuma duk mita 1,000 da aka hau sanyi na ƙaruwa da digiri 6 da wani abu. Ƙarfe biyun dare haƙoransa sun kama kaɗawa. Da safe sai ya ce tsakuwa ce ta hana shi runtsawa.

Maƙwabcinsa kuma ya yi imani da kwali. Ya karanta cewa shafinsa na ƙara digiri 15, sai ya taho da jakar barci shara-shara ta lokacin zafi, yana ta yi wa jama'a lissafi a kan hanya. Idonsa bai kai kan 'yan kalmomin nan "har zuwa" da kamfani ya maƙala a gaban lambar ba. Shafi ba ya haifar da zafi, na jikinka yake tarewa, kuma kaɗan yake tarewa. Abin haushin ma, sanyin da ke cin bawan Allahn nan daga ƙasa yake tasowa: nauyin jiki na danne gashin tsuntsun cikin jakar da ke ƙarƙashinsa ya zama fayau, ga shimfiɗarsa siririya don ya yi tsimin kuɗi. Da kuɗin shafin ya zuba a katifar iska mai kauri, da tuni ya yi mafarki biyu.

Malam Ma'auni na siliki ya saya, don bai kai nauyin wayar hannu ba. Har mariƙin buroshin haƙori ya gutsure. Ɗan dako kuwa na gaba da jakarsa a ka.

Hajiya Tanadi tela ta kai wa zanen gado ya ɗinke mata. Dabara ce, ban raina ba, sai dai auduga na shan gumi ta riƙe. Ga shi ta saka riga biyar, ta cusa kai ciki tana numfashi, tururin baki ya jiƙa komai. Kafin asuba tana kwance cikin danshi mai sanyi tana salati.

Wanda na fi tausaya wa shi ne mai juye-juye. Jagora ya ce a sha ruwa da yawa, ga ƙwayar Diamox da wasu ke sha saboda ciwon hawan dutse, ita kuma sa fitsari take. Tsakar dare ya farka a matse, shafi ya nannaɗe masa ƙafafu tamau, zif ya cije yadi, tocila ta ɓace. Duk sansani sai ya ji kokawar.

A ƙarshen layi akwai wani da ba ya cewa uffan. Ya ci ya ƙoshi, ya canja busasshiyar safa, ya ja hular sanyi, ya tura gorar ruwan zafi wajen ƙafa, ya shige shafinsa. Minti biyar ya soma minshari, kuma ba zai sassauta ba sai an kawo shayi. Idan aka zo rabon tanti, mai karatu, roƙi jagora ya haɗa ka da Sarkin Musu. Shi dai ba ya minshari, tunda ba barci yake yi ba.