Bakanuwa, Sauko Daga Gaban Madubi

'Yar kawuna, taubashiyata, baiwata ta gado. Ina gajiya, ina maigidan, ina yaran nan da kike bari suna kuka kina can kina laluben jagira? Ki gaishe min da Kawu, ki ce masa babu hannunsa a cikin abin da zan faɗa. Shi kam ya yi iya ƙoƙarinsa, ruwan Kano ne ya yi miki yawa.

Labarinki ya iso Paki, don tsakaninmu da ƙasar Kano ba wani nisa, ko tari kuka yi sai mun ji. An ce kullum ke ce ta ƙarshe wajen sa hannu a rajistar ofis, kuma kullum laifin na cunkoson hanya ne da 'yan adaidaita sahu. Haba Hajiya! Ki ji tsoron Allah, ki bar bayin Allah su nemi abincinsu. Mun san inda lokacin yake tafiya. Ana sallame asuba kike tarewa gaban madubi. Ki shafa wannan ki jira ya bushe, ki ɗora wancan, ki zana gira ki goge, ki sake zanawa, ɗaya ta haura sama ɗaya ta nufi kunne, ki manna gashin ido na kanti, sannan ki tuna ko ruwan koko ba ki ɗora ba. An ce ko da me ka zo Kano an fi ka. Na yarda, har da makara.

Ni dai ban ga laifinki sosai ba, abin a jini yake. Masu tarihi sun ce da aka raba wa 'ya'yan Bawo aiki, Gobir aka ba yaƙi, Katsina da Daura aka ba kasuwa, Kano da Rano kuwa su ne sarakunan baba. Ga marinar Ƙofar Mata nan tun 1498 tana ba da shaida. To da yadin kanti ya danne kasuwar rini, sai matan Kano suka ga bai kamata sana'ar kakanni ta mutu ba, suka kwaso ta daga bakin karofi suka dawo da ita kan fuska. Na san abin da ke bakinki, za ki ce mu a wancan rabon sarautar bayi aka ba mu. Haka ne, shi ya sa har yau nake riƙe da ke. In kina musu, ki je ki tambayi malamai abin da Muhammadu Bello ɗan Shehu ya rubuta a Infaƙul Maisuri game da Amina ta Zazzau da garuruwan da suka riƙa kai mata haraji. Sunan Kano yana ciki. Mace ce, ta ci ƙasashe, kuma babu wanda ya ruwaito cewa rundunarta ta taɓa tsayawa a ƙofar gari tana jira uwar ɗaki ta gama shafa hoda.

To gyara zama in koya miki, kyauta, don zumunci.

Ki dubi malamar firamare a Paki, ko ungozoma a ƙaramin asibitin ƙauye, ko matar auren da take zuwa kwalejin koyon aikin lafiya a Makarfi da goyo a bayanta. Kafin rana ta fito ta hura wuta, ta dama koko, ta yi wa yara wanka, ta nemo takalmin da ya ɓata ƙafa ɗaya, ta raba faɗan fensir, ta sallami maigida zai tafi gona ko kasuwa. Abin da ya rage mata na kanta bai wuce minti biyar ba. Amma ki tare ta a bakin hanya tana jiran ɗan acaɓa, fes da ita, ƙamshi yana tashi, sai ki rantse 'yar aiki gare ta. Ba ta da kowa. Ƙa'ida ɗaya ta riƙe, wadda ku a birni kuka manta: kwalliyar da ba ta jure alwala ba, ba ta ma'aikaciya ba ce.

Azahar a wurin aiki take samunmu, wani lokaci har da la'asar. Za a ɗauki buta, a wanke fuska daga matsirar gashi zuwa haɓa. Duk abin da kika kwashe awa guda kina ɗorawa, nan zai bi rariya. Har na ji an ce a garinku akwai masu riƙe alwalar asuba zuwa yamma don kada fandeshan ya lalace. Ba sa shan ruwa, ba sa cin wake, ko dariya sai a hankali. Wannan ai ba ado ba ne, ɗaurin talala ne mutum ya yi wa kansa.

Ga yadda ake yi. A wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, sabulun salo ma ya wadatar. Tun fata da ɗan danshinta a murza man kaɗanya kaɗan a tafin hannu a shafa. Da hunturu a ƙara, a bi leɓe da gwiwar hannu da diddige, don iskar nan mai ƙura ba ta san albashin kowa ba. Da bazara kuwa a rage, domin zafin Maris da Afrilu narkar da komai yake yi. Sai hoda sama-sama, wadda ta dace da launin da Allah Ya ba ki. In kika duba madubi kika ga fuska da wuya ba su san juna ba, to an yi kuskure. Sai gazal layi ɗaya a ido. Gira a taje ta da tsohon buroshi, a bar ta inda Mahalicci Ya ajiye ta. A leɓe a sa ɗan mai ko jambaki marar ihu. A kafa ɗauri, a zura hijabin da aka goge tun dare. Shi ke nan. A jaka kuma abu uku ne kawai: hoda, gazal, man leɓe. Ana idar da salla, minti ɗaya ya isa a mayar da komai inda yake.

Za ki ce to ina adon yake a nan? Adon yana hannu da ƙafa da kai da tufafi, kuma ba da safe ake yinsa ba. Nan ne muka yi muku nisa. Tun Disambar 2021 gwamnatin jiharmu ta mayar da aikin ofis kwana huɗu a mako, daga baya makarantun gwamnati suka bi. Ranar Juma'a kina can kina tseren rajista, mu muna tsakar gida an miƙe ƙafa. A yi kitso, a kwaɓa lalle, a ƙunsa, a ɗora kayan mako a kan kabbasa turaren wuta ya ratsa su. Aikin yini ɗaya, amma jan lalle mai kyau sai ya yi mako biyu yana aiki, kitso ma haka. Kuma lalle launi ne yake bari, ba ya hana ruwan alwala taɓa fata. Shi kuwa jan farcen nan naku, malamai sun daɗe da faɗa cewa shamaki ne tsakanin ruwa da farce, sai an goge shi tukuna. Ki lissafa da kanki wanda ya fi sauƙi ga mai salla biyar da 'ya'ya huɗu.

Yanzu bari in ajiye wasa gefe kaɗan, don in kika lalace ni ce da asara, ba ni da wata baiwar.

Baƙin lallen nan da ake haɗawa da dayis don ya kama cikin 'yan mintoci, ki yi hattara da shi. Yawanci akwai sinadarin rinin gashi a ciki, wanda ake kira PPD. Wasu fatarsu tana ɗauka, wasu kuwa sai zanen ya tashi ya yi ƙuraje, ya ɗuri ruwa, ya bar tabo daidai siffar furen da aka zana. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Kwalli ma, wanda muka gada a tandun kakanni, ba kowanne ne lafiyayye ba. Mai ƙyalli ɗin nan da ake niƙawa daga dutse, akasarinsa dalma ce. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya da ake sa wa kwalli. Da aka gwada kwallin, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ne, ba ma bukatar dogon wa'azi. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma yaro ido zai murza ya kai hannu baki. Kada ki sa wa jariri, ke ma ki nemi gazal mai lambar hukumar NAFDAC. Kuma tsinken kwalli ba abin aro ba ne, musamman lokacin da ciwon ido yake yawo.

Sai babbar magana, wadda na san za ki so in tsallake: man bilicin. Da kika zo bikin sunan nan na ga fuska ta yi fari tas, gaɓoɓin yatsu kuwa sun ƙi bin umarni, suna nan da launinsu na gidan Kawu. Kin ce hutu ne da sanyin ofis. Wane irin hutu ne yake tsallake yatsu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa fitar da ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafa irin waɗannan mayukan, kuma a 2023 NAFDAC ta ce abin ya kai matsayin larurar gaggawa ta ƙasa. Dalili a fili yake. Wasu mayukan akwai sinadarin makuri a ciki, mai lalata ƙoda, wanda yake iya bi ta mahaifa ko ta nono ya isa ga jariri. Wasu akwai haidurokwinon, wanda in an daɗe ana shafawa sai kumatu su yi baƙi-baƙin da ba ya fita. Wasu kuma magungunan asibiti ne masu ƙarfi aka dama a ciki, su sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Mafi muni shi ne haɗin da ake zubawa a roba ba suna ba lamba. Ga kuma abin da mai sayarwa ba zai gaya miki ba: duk wadda ta ɓata fatarta, dole kullum ta zauna rufe ɓarnar. Rabin awar da kike ƙarawa gaban madubi, bashin man nan kike biya. Mai lafiyayyar fata hoda kaɗan ta ishe ta.

Kada ki ce na hana ki gayu. Ranar biki a kira mai kwalliya, a yi dilka da halawa irin na Barebari, a fesa humra, a kafa gwaggwaro, a fito a kece raini. Ranar nan ko ni sai kin tambaya kafin ki gane ni. Amma Litinin ba ranar kamu ba ce. Albashin da ake jira wata guda, ga kuɗin makaranta, ga cefane, ga mota, a ce kashi mai tsoka ya tafi a kwalabe da bututu waɗanda buta ɗaya take wankewa? Ai kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Na san amsar da za ki aiko. Za ki ce mu Zage-zagi ko a magana ba ma raba mace da namiji, ina muka ga sanin ado. Za ki ce mu ƙauyawa ne, ba mu san komai ba sai rake. To raken Makarfi da Kudan dai motoci ake cikawa a kai muku, mazarƙwailarmu kuke lasa, tumatirin Ikara ne yake gyara muku miya. Mun ciyar da ku, yanzu kuma ga shi muna koya muku fita aiki a kan lokaci. Wace gata ce ta rage ba mu yi muku ba?

Saura lissafi. Watan Cika-ciki yana tafe, kuma kuɗin sharata na bara ma ba ki biya ba, kin ce sai an yi albashi. Bana ba na karɓar uzuri. Ki haɗo min da turmin atamfa daga Kantin Kwari, na koyarwa, da kwalbar humra ta ban-haƙuri. In kuwa kin ce babu kuɗi, ki tattara kwalaben da ke kan madubin nan ki sayar, na tabbata za su biya har da canji. Ki ba direban motar Ikara saƙon ya sauke min. Kada ki ce za ki kawo da kanki, don in sai kin shirya, sai watan Safar ya kama ba ki fito ba.

Uwar ɗakinki,
Bazazzagiyar Paki