Yadda Ake Shirin Tarbar Kwikwiyon Sifaniyel a Haɗeja

Idan Allah ya hore maka har ka fara jin gidanka bai cika ba sai da karen Turai, to cikin duk waɗanda masu kiwo ke tallatawa a Jos da Abuja da Legas, babu wanda ya dace da ƙasar Haɗeja a takarda kamar sifaniyel. Kare ne madaidaici, mai yalwar gashi, da kunnuwa masu reto har cikin kwanon abinci. Turawan Ingila sun shafe ɗaruruwan shekaru suna tace irinsa don aiki guda: ya kutsa ciyawa da taɓo ya tayar da tsuntsu, a harba, ya faɗa ruwa ya ɗauko bai tauna ba. Ƙungiyarsu ta masu kiwon karnuka, Kennel Club, wadda aka kafa a 1873, ta raba su gida-gida, ga ƙaramin da ake ce wa koka, ga babban da ake ce wa sifiringa. Ruwa da ciyawa da tsuntsu kuwa, duk wanda ya ratsa fadama daga Haɗeja zuwa Nguru bayan damina ya san ba a yi mana rowarsu ba. Dacewar nan ita ce tarkon. Kwikwiyon a shirye yake tun daga tsatso; kai da gidanka ne kuke buƙatar gyara, kuma ba a kiwon kare ranar farauta.

Fara da mai kiwo, ka je masa yadda ake zuwa neman aure: hoto ba ya wadatarwa, sai an ga gida an ga uwa. Wanda ya turo maka hoton kwikwiyo ta WhatsApp yana kwance a kan kujerar alfarma, ya ce ka yi maza ka tura kafin alƙalami don wani Alhaji na kan hanya, ka yi masa fatan alheri ka kashe waya. Mai kiwo na gaskiya zai nuna maka uwar tana shayarwa, ba zai raba ta da ɗanta kafin sati 8 ba, kuma zai miƙa maka katin rigakafi mai ɗauke da sa hannun likitan dabbobi da ranar da aka ba da maganin tsutsar ciki. Wani zai ce, kare kuma har da binciken asali? A nan ai karyar maƙwabci ce ke haihuwa a gindin rumbu, a aiki yaro ya zaɓo ɗaya, ko godiya ba lallai ba ce. Gaskiya ne, kuma shi ya sa binciken ya zama dole. Asalin kaɗai kake saya. In ba ka tabbatar da shi ba, bayan wata uku kunnuwan nan masu reto za su miƙe tsaye cak, ka gane ka ba da kuɗin buhunan shinkafa a kan abin da maƙwabci ke bayarwa kyauta.

Lokacin ɗaukowa ma a yi shi da lissafi. Watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Haɗeja ke haura maki 40, ba lokacin tarbar baƙo mai rigar gashi ba ne, musamman wanda aka haifa a sanyin Jos. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake huce jiki, kuma zafi na iya kashe kwikwiyo cikin yini guda. A bari sai hunturu. Kada kuma a ba direban tasha shi a matsayin saƙo, don zai ƙare a but tsakanin buhun barkono da jarkar manja, kafin a kai mararrabar Gujungu labari ya sha bamban. A gida a tanadi inuwa, da ruwan randa da ba ya yankewa, da fanka mai aiki da hasken rana. Idan ya zamana ɗakin uwargida babu irin wannan fankar, a sayi biyu, a fara kafa tata.

Wannan ya kawo mu ga shiri mafi wuya, wato mutanen gida, kuma a nan sai ka yi bitar karatunka na zaure kafin Hajiya ta yi maka nata. Hujjojin da ke gefenka ba kaɗan ba ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne. An halatta riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. Malamai na kawo cewa Sahnun, mai Mudawwana, ya halatta sayar da irin wannan kare har ya ga babu laifi a yi aikin hajji da kuɗinsa, kuma Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Sai dai ka lura, duk hujjojin nan na kare mai aiki ne. Hadisin da ya yi maganar raguwar lada kullum ga mai riƙe kare ba don ɗayan waɗannan dalilai ba yana nan, haka wanda ya yi maganar mala'iku da gidan da ke da kare. Ga shi kuma sifaniyel ba ya tsaron komai. Ɓarawo in ya dira tsakar gida, da kaɗa wutsiya zai tarbe shi, ƙila ma ya kawo masa takalmi. Saura farauta ke nan. Don haka kafin kwikwiyo ya iso, ka zama mafarauci, ko da kuwa rabonka da daji tun kana harbin ƙadangare da danƙo. Ɗakinsa kuma a can ƙofar gida ko garka, nesa da tabarmar salla, duk da cewa shi irinsa ba ya jure kaɗaici, zai kwana yana kuka har unguwa ta san ka yi baƙo.

Sannan kunnuwa. Su ne suka ja hankalinka, su ne kuma za su cinye maka lokaci. Da yake sun rufe ramin kunne ruf, iska ba ta shiga, danshi ya taru, sai ciwo da wari. Duk sati sai an ɗaga an duba an goge, duk shiga ruwa sai an tsane. Ƙara da ƙarangiya. Kare mai ɗan gajeren gashi yakan ratsa ta ya karkaɗe jiki ya wuce, amma wannan in ya shiga gona da kaka zai fito da ita curi-curi a kunne da hammata da tsakanin yatsu, ka zauna bayan la'asar da mataji da almakashi kana tsince ta ɗai-ɗai, tana huda maka ɗan yatsa, shi kuwa yana lasar gwiwar hannunka. A ƙarƙashin gashin nan kaska ke samun masauki, ga ta ko'ina a ƙasar da shanu ke sauka kiwo da rani, kuma cutar da take sa wa jini ta fi kayar da baƙon kare a kan ɗan ƙasa. Rigakafin zawon jini na kwikwiyo ana fara shi tun yana sati 6 zuwa 8 a maimaita, kafin a kammala kada ya taka waje. Allurar ciwon haukan kare, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke sarrafawa, a wata uku ake yi, ana kuma sabuntawa duk shekara. Wannan ba wurin raha ba ne, don cutar in ta bayyana a jikin mutum ba ta da magani. Abinci kuwa, ƙanzon tuwo ba ya raya kwikwiyo. Sau uku ko huɗu zai ci a rana, albasa guba ce gare shi, kuma duk arhar bandar kifi a kasuwar Haɗeja sai an zare ƙaya.

Mai kare ra'ayinsa zai ce duk wannan wahala za ta biya ranar da aka fita fadama, ga kirinjijiya ga dinya, ga agwagin da ke tasowa daga Turai da hunturu. A nan ma sai an yi hattara. Inda tsuntsayen suka fi taruwa, dajin Baturiya, wuri ne mai kariya: ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mayar da shi gandun daji na ƙasa. Bayanin da za ka yi wa ma'aikatan gandu cewa karenka ɗabi'arsa ce kawai ya bi ba zai karɓu ba. Wani wurin kuma kacala ta toshe, ciyawar da ta mamaye hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda kogin ke cika da janyewa. Mai kwalekwale ma da ƙyar yake ratsa ta. Masu cewa a kai shi korar jan-baki a gonar shinkafa ba su taɓa ganin garken jan-baki ya rufe sama a Auyo ba. Shi kuwa karen bai san da waɗannan dalilai ba. Jininsa na neman gudun awa ɗaya ko biyu kullum, in bai samu ba zai nemi tsuntsu mafi kusa, wato zabin maƙwabta. A ware musu kuɗin diyya tun yanzu, a kuma fara gaishe su da kyau.

Za a ce to me ya hana a nemi karen gida, irin na mafarautanmu, siriri mai gajeren gashi, wanda ya san rana ya san ƙaya, ya ci abin da ya samu? Babu amsa mai ƙarfi ga wannan, sai dai wanda ya ƙudurta sayen sifaniyel ba shawara yake nema ba, shaida yake nema. Abu ɗaya za a faɗa don adalci: shekarar da kogi ya yi ambaliya irin ta 2022, ruwa ya shigo gari, a duk gidan shi kaɗai zai yi murna. Zai kuma rayu shekara 12 zuwa 14, don haka yaron da ya yi rantsuwa shi zai riƙa wanke shi zai gama sakandare ya tafi jami'a ya bar maka mataji. Suna kuma kada a sa masa na mutum, don ba a san wanda zai zo wucewa ana kira ba. Mafarauta kan raɗa wa karnukansu sunan habaici, irin su Ba-ruwanka. Wannan ya dace, tunda ita ce amsar da za ka fi yawan bayarwa a majalisa.