Ragowar Sukarin Kek Da Ta Ƙi Ƙarewa

A ɗakin girkinmu, can saman kanta, bayan gwangwanin madarar da babu komai cikinsa sai daddawa, akwai wata farar leda da aka ɗaure bakinta tamau. Shekararta biyu a wurin. Ta ga azumi biyu, ta ga damina biyu, ta ga tafiyar 'yan aiki uku. Sunanta aisin suga, wato garin sukarin nan mai laushi kamar hoda da ake yi wa kek kwalliya da shi.

Asalin zuwanta gidan, uwargida ce ta shiga ajin koyon kek a WhatsApp. Aka sayi na'urar buga ƙwai, aka sayi gwangwanayen gashi, aka sayi kala har huɗu, aka sayi sukarin nan rabin kilo, duk don bazday ɗin auta wadda a lokacin ko nata sunan ba ta iya faɗa ba. Kek ya fito ya karkace kamar katangar ƙasa da ruwa ya ci gindinta. Aka lulluɓe shi da kwalliya don rufin asiri, sai aka ɗauke wuta, ga shi ana tsakiyar bazara. Kafin baƙi su iso, furannin da aka zana sun narke sun gangaro kan faranti. An dai ɗauki hoto ta ɓangaren da bai zube ba, aka ɗora a waya, 'yan'uwa suka yi ta rubuta Masha Allah. Daga ranar sana'ar ta yi ritaya, ta bar mana rabin leda gado.

Mu dai ba ma zubar da abu, wannan kowa ya sani. Buɗe robar askirim a firjin Bahaushe, miyar kuka za ka tarar. Buɗe gwangwanin biskit, zare da allura ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba ma kuma amfani da abin da muka adana. Kamar kwanukan jeren amarya ne, waɗanda za su tsufa a kabet ba su taɓa ganin tuwo ba. Ajiyar ita ce amfanin.

Ni na fara yunƙurin ceto. Wata asuba sukarin shayi ya ƙare, na miƙa hannu saman kanta na ɗebi cokali biyu. Zaƙi kam ya yi, amma shayin ya yi duhu-duhu kamar ruwan rafi. Ashe masu yin sa suna zuba masa ɗan sitacin masara, kimanin kashi 3 cikin 100, don kada ya dunƙule, shi ne ke gurɓata ruwa. Ban gama kurɓa ba sai ga murya a bayana:

“Baban yara, wa ya taɓa mini aisin suga?”

Na ce ban sani ba. Ta ce in duba gemuna. Fari fat, kamar na kwana a injin niƙa.

Da Hajiya ta zo duba jikoki, aka nuna mata ledar cikin alfahari. Ta dangwala da yatsa, ta ɗanɗana, ta dubi surukarta ta ce, “Yo 'yar nan, wannan ai sukari ne aka daka. Da kin kawo turmi da rariya na yi miki kyauta.” Kuma gaskiyarta. Ko injin markaɗen gida zai mayar da sukarin Dangote gari cikin minti ɗaya. Ba a ji daɗin maganar ba, amma ba a musa ba.

Sai ƙanwar uwargida, wadda ke da shawara kan komai tun daga siyasa har ciwon gwiwa, ta zo da nata ilimin. Ta ce a yi tuwon madara da shi, domin yana narkewa nan take, ba ya barin tsaki-tsaki a baki. Ta ce a barbaɗa a kan cincin ko fanke, amma sai sun huce, in da zafi aka zuba zai jiƙe ya zama danƙo. Ta ce a ɗiga masa ruwan lemun tsami kaɗan-kaɗan har ya yi kauri, a kwarara a kan gireba, ya bushe ya yi ƙyalli. Duk shawarwarin nan masu kyau ne, na shaida, tunda na ci a gidanta.

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafi. Don a ceci sukarin da bai kai cikin kofi biyu ba, aka rubuto mini takarda: madarar gari, bota, ƙwai, fulawa, mai, da gas ɗin da za a ƙona. Garin neman gira za a rasa ido. Na tambaya, in an gama, ragowar botar fa? Aka ce za a ajiye, wata rana za ta yi amfani. Na ninke takardar na sa a aljihu, ni ma na ajiye.

Maƙwabciya ta taɓa aiko yaro a sam mata cokali uku. Aka ce a gaya mata ana amfani da shi.

Damina ta biyu ce ta yi mana hukunci. Raɓa ta shiga ledar, gari ya dunƙule ya zama dutse, har tururuwa ta zo ta zagaya ta koma. Na yi murna a ɓoye, na ce yau dai za a yi jana'iza. Ina! Uwargida ta farfasa shi da muciya, ta tankaɗe, ya dawo garau, ta kuma sanar cewa bana da hannunta za ta yi kek ɗin Sallah don kada ragowar ta lalace.

Ranar jajibiri aka auna, aka ga ba za ta isa ba. Aka aike ni kanti na sayo sabuwar leda, rabin kilo. Da aka zo haɗi, sai aka ce tsohon ya daɗe, kada ya ɓata kek ɗin baƙi, gara a yi da sabon. An yi amfani da rabinsa.

Yanzu ledoji biyu ne a saman kanta.