Malam Mai Nazari da Yatsan Ɗan Shekara 17

A da, yaron da aka kama yana buga gem har tsakar dare hukuncinsa sananne ne: a ƙwace waya, a murɗe kunne, a tuna masa cewa sa'ansa ɗan gidan wane ya sauke Alƙur'ani. Yanzu kiɗa ya canza. Akwai yaran da gem ɗin ne sana'arsu, da albashi da koci da mai kula musu da abinci, sannan akwai ƙartin maza masu gemu da ke kwana ido biyu suna kallonsu, sun ɗora kuɗin cefane a kan wanda zai riga harbin wani.

Wasan da aka fi yi wa wannan hidima shi ne Counter-Strike. Wasu samari biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka ƙirƙiro shi a 1999, kamfanin Valve na Amurka ya karɓe shi. Mutum biyar ne ke fuskantar mutum biyar, waɗannan suna son dasa bam, waɗancan suna son hanawa, wanda ya fara cin zagaye 13 ya lashe filin. Babbar gasarsa ta farko an yi ta ne a 2013 a ƙasar Suwidin, a kan dala 250,000. Zuwa 2021 a birnin Stockholm kuɗin ya kai dala miliyan biyu, mutum sama da miliyan biyu da rabi suka zuba ido lokaci guda suna kallon NAVI ta Yukiren tana doke G2. Duk wannan gumurzu babu wanda ya yi ko taku ɗaya. Zaune suke a kujeru masu laushi, yatsu kawai ke aiki.

Kallon ba shi da laifi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wanda ya dame ni shi ne Malam Mai Nazari.

Kun san shi. Bai taɓa zama gaban kwamfutar wasan ba, gilashin wayarsa ma a tsage yake, amma ya haddace HLTV, shafin alƙaluman wasan, kaf. Zai faɗa maka harbi nawa ZywOo na Faransa ke yi a kowane zagaye, da filin da ƙungiyar kaza ke tsoro, da ɗan wasan da ya yi mura ranar Talata. Tambaye shi ajin da 'yarsa take, sai ya ce bari ya tambayi uwarta. Idan ka kuskura ka ce masa ɗan caca, ransa zai ɓaci. "Haba mutumina, masu caca sa'a suke nema. Ni nazari nake yi. Wannan wasan na yau shuwa ne, ko makaho ya gani."

Da daddare za ka same shi a majalisa ya yi tagumi. "Gem ɗaya ne ya yanka min tikiti." Kullum gem ɗaya ne. Ban taɓa jin wanda gem biyu suka yanka ba.

A watan Disamban 2024 an yi babbar gasa a Shanghai, wadda ta riga mu da awa bakwai, wasan da aka fara can da tsakar rana nan asuba ce. Mutumin da ladan ya gaji da kira, mahaifiyarsa ta gaji da yayyafa masa ruwa, sai ga shi zaune daram tun kafin zakara ya yi cara. Uwargida har ta fara hamdala. Ashe jiran donk yake, wani yaro ɗan Rasha mai shekara 17 a lokacin, wanda ya ja Team Spirit ta cinye kofin, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasa. Yaron ya kwashi rabonsa ya tafi gida. Malam kuwa FaZe, abokiyar karawarsu, ya bi, saboda nazari ya nuna masa cewa yaro ba zai iya jure hayaniyar wasan ƙarshe ba.

"Maigida, ba gishiri fa."

"Ki bari a gama Mirage."

Tana zaton wani taro ne. Sunan fili ne a cikin gem.

Masu kasuwar ba su bar komai ba. Ana zuba kuɗi a kan wanda zai ci wasa, da wanda zai ci zagayen farko na ƙananan bindigogi, da jimillar zagaye, har da wanda zai fara kayar da wani. Lissafinsu kuma ba ɓoyayye ba ne. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, kowacce an sa mata 1.90. Kai ka zuba naira 1,000 a nan, abokinka ya zuba 1,000 a can. An tara 2,000, an biya wanda ya ci 1,900, sauran 100 ta shige aljihun mai gidan, ko wa ya harbi wa. Shi ba ya tashin asuba, ba ya karanta HLTV. Shi ya sa kake ganin sunayen kamfanonin caca rangaɗa-rangaɗa a ƙirjin rigunan manyan ƙungiyoyi da yawa. Da kuɗin masu nazari ake ɗinka rigunan.

Wani lokacin ma nazarin a kan wasan da aka riga aka sayar ake yinsa. A watan Agustan 2014 ƙungiyar iBUYPOWER ta Amurka, wadda kowa ya tabbata za ta ci, ta sha kashi 16 da 4 a hannun NetcodeGuides (lokacin zagaye 16 ake ci, ba 13 ba). Daga baya ɗan jarida Richard Lewis ya tono cewa da gangan suka faɗi, an zuba caca a kan faɗuwar tasu. Farkon 2015 Valve ya kori masu hannu a ciki daga gasanninsa. Kuma me aka ci? Fentin bindiga. Wato ado ne da ake yi wa bindigar cikin gem, ba ta ƙara ƙarfi, ba a iya taɓa ta, amma ana saye ana sayarwa, wata wuƙar ma ta fi mota tsada. Cacar fentin ta yi ƙamari har a 2016 Valve ya aika wa shafuka 23 takardar gargaɗi. A 2020 kuma hukumar ESIC mai yaƙi da maguɗi a gasannin gem ta dakatar da koci 37 saboda sun yi amfani da wata ɓaraka a wasan suna leƙen abokan hamayya. Duk wannan bai shiga lissafin Malam ba. Shi dai murar ranar Talata ya riƙe.

A Kano, Hisbah ta garƙame shagunan caca a 2024, amma shagon Malam a aljihu yake, caji da data kawai yake ci, kuma ba ya rufewa ko ranar Sallah. Ga shi da rufin asiri: wanda ya leƙa kafaɗar Malam zai ga gem ne kawai, sai ya ce yarinta ce ba ta sake shi ba.

Wasan nan kyauta ake nuna shi a YouTube da Twitch, mai son kallo ya kalla ya yi ihunsa. Ku kuma 'yan majalisa, duk ranar da wani ya matso kusa ya rage murya yana neman rancen dubu biyu zuwa an jima, ku tambaye shi su wa ke bugawa yau. In ya jero ƙungiyoyi da sunan fili ba tare da ya duba waya ba, kada ku ba shi.