Duk Mai Gashin Dada Bob Marley Ne

A tambayi 'yan majalisar hira ko sun san kiɗan rege, da wuya a samu mai cewa a'a. A ce kowa ya kawo sunan mawaƙi biyu, nan take za a fara jin gyaran murya. Sunan farko yana bakin kowa, na biyun ne gidan wuya. Abin da akasarin mutane ke kira sanin rege bai wuce sanin fuska ɗaya da faifai ɗaya ba, kuma a ganina laifin bai rataya a wuyansu su kaɗai ba, kasuwa ce ta yanka musu lomar daidai baki.

Mafi yawa a cikinsu shi ne Malam Duk-na-Bob-ne. Da ya ji kiɗa mai nauyi yana tafiya kamar raƙumi da kaya, ya gama yanke hukunci. Zai rantse maka "Don't Worry, Be Happy" ta Marley ce, alhali wani Ba'amurke, Bobby McFerrin, ya yi ta a 1988, da baki zalla ba ganga ba garaya, shi kuwa Marley ya rasu a Miami tun 11 ga Mayu, 1981. Wato shekara bakwai yana kabari, amma Malam ya tashe shi ya kai shi situdiyo. "Red Red Wine" ma ta Bob ce a wurinsa, duk da cewa UB40 na Birmingham a Ingila suka fitar da ita a 1983, kuma Neil Diamond ne ya rubuta ta. Kwatankwacinsa a gida shi ne mutumin da zai ji kuntigin Ɗan Maraya Jos ya girgiza kai ya ce Allah ya ji ƙan Shata. Yana da ƙane wanda ya ɗan fi shi karatu, domin ya san Lucky Dube da Alpha Blondy, sai dai ya mayar da su 'yan Jamaika. Na farkon ɗan Afirka ta Kudu ne, a Johannesburg aka harbe shi a 2007, na biyun kuma ɗan Kwaddibuwa.

Sai Ɗan Amshi, wanda ke guna-guni a baitoci kamar mai wankin baki, da an iso amshi kuma muryarsa ta fi ta kowa. Shi bai cutar da kowa ba. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne Tafinta, musamman tuzurun da budurwa ta yaudara. Ya ɗauki "No Woman, No Cry" tamkar fatawa, wai in ba mace ba kuka. A Turancin Jamaika kuwa lallashi ne, mawaƙin yana ce wa mace ta share hawaye, yana tuna mata zaman talauci a unguwar Trenchtown ta Kingston. Waƙar rarrashin mace ta koma taken 'yan ƙin aure! Haka yake cashewa da "Rivers of Babylon" ta Boney M ta 1978, bai san The Melodians suka fara yin ta a 1970 ba, kalmominta kuma daga Zabura ta 137 aka ɗauko, kukan waɗanda aka kwasa bauta zuwa Babila. Mai hular ja da rawaya da kore ba sai an daɗe a kansa ba: ya ɗauka rege wiwi ne da aka sa wa kiɗa, kuma bai taɓa jin cewa launukan daga tutar Habasha suka fito ba.

Me ya sa kuskuren nasu duk hanya ɗaya yake bi? A 1984 kamfanin Island ya tattara waƙoƙin Marley 14 a faifan Legend, wanda ya zama faifan rege mafi ciniki a tarihi. Zaɓin ya karkata ga soyayya da kwantar da hankali. Ba a ɗauki ko ɗaya daga Survival na 1979 ba, faifan da bangonsa ke cike da tutocin ƙasashen Afirka, ba a kuma saka "War" ba, wadda aka gina kan jawabin Sarki Haile Selassie a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963. Mutumin da ya yi wasa a bikin 'yancin Zimbabuwe a Afrilun 1980 sai ya iso kunnen duniya a matsayin kawu mai murmushi. Masu dubin kaset da masu tura waƙa a waya suka ƙarasa aikin, domin sunan da ke sayarwa shi ake liƙa wa kaya.

Wani zai ce to sai me, mai rawa ba ya tambayar sunan makaɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, tunda rege kansa da aro ya girma: a Jamaika kiɗa ɗaya mawaƙa da yawa ke hawa, kuma su UB40 ɗin ma a bakin wani ɗan Jamaika, Tony Tribe, suka san waƙar tasu, ba su san ta Diamond ba ce. Amma aro daban, shafe suna daban. Toots and the Maytals ne suka sa kalmar rege a faifai da "Do the Reggay" a 1968. Desmond Dekker ya hau saman jerin waƙoƙin Birtaniya da "Israelites" a 1969, lokacin da ba a san Marley a waje ba. Peter Tosh da Bunny Wailer tare da Marley suka kafa The Wailers, kuma da hannun Tosh aka rubuta "Get Up, Stand Up". Bahaushen da ya san darajar a kira sunan mutum a waƙa bai kamata ya ɗauki wannan ƙaramin rashi ba.

Sai dai kada wannan ya sa a miƙa wa Na-fi-ku-sani kambu, don shi ma yana cikin jerin. Shi ne wanda ba za a saka waƙa a gabansa ba sai ya faɗi shekarar da aka ɗauke ta, ya kawo Studio One da Coxsone Dodd, ya bi ta kan King Tubby da Lee Perry, har shayin kowa ya huce. Hujjarsa ita ce 'yan sama-sama sun ɓata kiɗan. Ya manta a titunan Kingston abin ya tashi, gaban manyan lasifikoki, inda talaka ke zuwa ya taka rawa ba tare da an yi masa jarrabawa a bakin ƙofa ba. In aka lalube akwatin faya-fayansa da kyau, can ƙasa za a tarar da Legend, kuma duk ya fi sauran karcewa.