Mutanen da Rara Ke Tona wa Asiri

Matatar mai a wasan Factorio ba ta san lallashi ba. Ka ba ta ɗanyen mai 100 da ruwa 50, ta ba ka mai kauri 25, tsinkakken mai 45 da gas 55, kuma da zarar bututu ɗaya cikin ukun ya cika sai ta naɗe hannu gaba ɗaya. Roba ta yanke, ɗakunan bincike su yi tsit, duk don wani abu ya yi yawa. Wanda ya saba wasan haɗin gwiwa ya san a daidai nan ne halin kowa ke fitowa fili.

Mu fara da Alhaji Kada-A-Zubar, don shi ne babba. Maganin Alhaji ɗaya ne ga kowace cuta: akwati. Bel ya cushe? A sa akwatin ƙarfe mai gurbi 48. Ya cika? A sa wani a bayansa, da hannun inji a tsakani. Mai kauri ya tsayar da matata? A jera tanki, kowanne na cin 25,000, har sai ka buɗe taswira ka ga unguwa guda ta tankuna. In ka ce masa, "Alhaji, ai fasa shi ake yi ya koma gas," sai ya ce, "Bari dai, ɗan'uwa, ba a san gobe ba." Gatarin farko bai sari itacen da Alhaji ya rabu da shi ba. Murhun dutse da aka daina amfani da shi tun zuwan lantarki, turakun katako, ƙaramar bindigar da aka ba shi ranar da ya sauka, duk suna nan a jere kamar kwanukan ɗakin amarya, ana kallo, ba a ci a ciki.

Abin haushin shi ne sau ɗaya wasan ya ba shi gaskiya, kuma har yau bai bar mu mun huta ba. Injin tace yuraniyom na cin dutse 10, damar samun 235 mai sheƙi kuwa 0.7 ce kacal cikin ɗari, saura duk 238 ne. Kafin ka tayar da aikin Kovarex mai ƙara yawan 235 sai ka tara masu sheƙi 40, wato sai ka nemo inda za ka jibge marasa sheƙi wajen 5,700. Ranar da aka zo nan Alhaji ya yi ta yawo yana gyaran murya. "To, masu cewa a zubar, ina bakinku?"

Sai ƙarin wasan mai suna Space Age ya fito a 2024, muka kai Alhaji duniyar Gleba, inda kaya ke ruɓewa ko a bel ko a akwati. 'Ya'yan itacen da ya ɓoye suka zama ruɓa, ya buɗe wa ruɓar nata akwatin. Daga nan ya samu ƙwan dodon fadama, ya ga abin daraja ne, ya adana. Minti 15 ƙwan ke yi ya ƙyanƙyashe. Muna can muna gini muka ji jiniya, muka ga ajiyar Alhaji ta yi ƙafafu tana cin injunan da ke kusa. Da ƙura ta lafa, tambayarsa ta farko ita ce ko akwatin ya tsira.

Kishiyarsa shi ne Sarkin Wuta. Akwati ya cika, ya zaro bindiga ya harbe shi. A duniyar Vulcanus ya zuba a narkakken dutse, a jirgin sama jannati ya wurga waje. Daga wasan Satisfactory ya taso, inda AWESOME Sink ke hadiye rara ya biya ka da takardun sayayya, shi ya sa kullum yana ƙorafin cewa a nan ana zubarwa a kyauta. Ba a barin sa kusa da unguwar Alhaji.

Ɗan Caca kuwa ba ya gini. Yana tsaye gaban injin tace yuraniyom, ya rantse in yana kallo sa'a ta fi zuwa. Da aka kawo matakan inganci guda 5 sai ya samu sana'a: ya ƙera, ya niƙa, injin niƙa ya mayar masa kwata, ya sake ƙerawa, yana neman sulke mafi daraja alhali bangon arewa babu harsashi.

A duniyar Fulgora ake gane Malam Lissafi. Can jari-bola ce sana'ar kowa: ka niƙa tarkace, abubuwa 12 su fito yadda suka ga dama, giyar inji kashi 20 cikin ɗari, holmiyam da aka zo dominsa kashi 1, tsakaninsu kankare da ƙanƙara da batir da sauran tarkace. Malam ya auna komai a takarda, kuma takardarsa ba ta ƙarya, in an ba ta lokaci. Bel ne ba ya jira. Ƙanƙara uku su zo a jere, su tsaya a bakin layin da babu mai ɗaukarsu, komai ya daskare. Ka kira shi, ya duba takarda, ya ce bai kamata hakan ta faru ba.

Akwai kuma masu waya, ja da kore, waɗanda ke sa famfo ya buɗe sai in mai kauri ya haura 20,000, bel ya tsaya in akwati ya kai kaza, fitila ta canza launi don sanarwa. Ana zarginsu da cewa in ba sa nan babu mai iya taɓa komai. Zargi ne marar tushe. Mu dai abin da muke roƙo shi ne kada a cire koriyar wayar da ke bayan tanki na uku, kuma kada a tambayi dalili.

Duk waɗannan ana zama da su. Wanda ba a zama da shi shi ne Mai Shara. Wannan ya san sarai rararsa matsala ce, sai ya mayar da ita matsalar jama'a. Dutse ya yi masa yawa, ba zai sa akwati ba, ba zai ƙona ba, ba zai tambaya ba. Zai ja ɗan bel a ɓoye ya haɗa da babban layin farantin ƙarfe, ya rubuta "sai da safe", ya fita. Dutsen ya bi kowane reshe. Hannayen inji ba sa ɗaukar abin da ba nasu ba, don haka ƙarshen kowane layi ya toshe, injin harsashi ya tsaya, bindigogin bango suka bushe, dodanni suka shigo ta gabas. Mutum huɗu suka kwana suna bin bel da ƙafa, yatsa a kan maɓallin F, suna tsince dutse ɗaya-ɗaya daga aikin da bai ɗauke shi minti guda ba. Wannan ba wauta ba ce irin ta Alhaji, rainin hankali ne, domin nasa sashen ya kwana yana aiki lafiya lau.

Washegari ya shigo da sallama, ya leƙa taswira. "Kai jama'a, wa ya bar bangon gabas haka?" Aka nuna masa belinsa. Ya ce ai dutse kaɗan ne. Mai kula da sabar ya cire masa izinin gini, yanzu sai dai ya yi yawo ya sari itace, kuma tun daga lokacin yana tambayar wane layi ne ke da sarari.